Kubik mita nawa ya rage wa kowannenmu? Muhawara daga zauren Katsina da Daura

Malamar Jogarafi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tunda bazara ta shigo kowa na kukan ruwa, ga lissafi mu taɓa. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta ruwan daɗin da ke sabuntuwa a cikin Najeriya duk shekara a kan kubik mita biliyan 221. Shi ne abin da damina ke zubawa a koguna, da wanda ke nutsewa ƙasa ya cika rijiyoyi. Sai a raba shi da yawan jama'a.

A 1960 muna wajen miliyan 45, rabon kowa kubik mita 4,900.
Ƙidayar 1991 ta ba da miliyan 89, rabo ya koma 2,480.
Ƙidayar 2006 ta ba da miliyan 140, rabo ya koma 1,570.
Yanzu da ake ƙiyasin mun haura miliyan 220, rabon ya sauko wajen 1,000.

A 1989 wata masaniyar ruwa 'yar ƙasar Suwidin, Malin Falkenmark, ta kawo ma'aunin da har yau ake aiki da shi: idan rabon mutum ɗaya a shekara ya yi ƙasa da kubik mita 1,700 matsi ne, ƙasa da 1,000 ƙaranci, ƙasa da 500 ƙaranci mai tsanani. To, mun shiga ƙarancin ke nan?

Injiniya, Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam. Malama, lissafinki daidai ne, amma kin ɗauki ruwan cikin gida kaɗai. Akwai wanda ke shigo mana daga maƙwabta, galibi ta kogin Neja da Binuwai, biliyan 65 da 'yan kai. Idan aka haɗa ya zama biliyan 286, rabon kowa a yau wajen 1,300. Da wannan adadin mun faɗa ƙasa da 1,700 ne lokacin da jama'a ta kai miliyan 168, wato wajen 2012. Da naki kuwa tun farkon shekarun 2000.

Abin da na fi so mutane su lura da shi: 221 ɗin nan ba a sake auna ta duk shekara. Matsakaicin shekaru masu yawa ne, an rubuta an ajiye. Ko an yi fari ko an yi ambaliya, a takarda tana nan 221. Saboda haka duk gangarowar da kuke gani daga 4,900 zuwa 1,000 ba ta da wata ma'ana sai ƙaruwar masu rabo. Tuwon bai ragu ba, hannuwa ne suka ninka sau biyar. Wanda ya ɗauko jadawalin ya ce ga shaidar sauyin yanayi, ya karanta shi a baibai. Sauyin yanayi gaskiya ne, amma a ma'aunin ruwan sama da na koguna ake ganinsa.

Ɗan Daura: Injiniya, a sauko da maganar ƙasa don irinmu. Kubik mita jarka nawa ce?

Injiniya, Ƙofar Ƙaura: Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, jarka 40 mai cin lita 25. Kubik mita 1,000 a shekara kuwa lita 2,740 ce a kullum, kusan jarka 110.

Ɗan Daura: Jarka 110 ga mutum ɗaya a wuni, kuma a kira shi ƙaranci? Gidan mutum goma ma ba ya ƙarar da kura biyu ta 'yan garuwa.

Malamar Jogarafi: Ai ba sha da wanka ne ke cinye ruwa ba, ɗan'uwa. Lita 50 a kullum ta ishi mutum sha da girki da wanka da wanki, a shekara kubik mita 18 ke nan da ɗan ɗori. Ciki ne mai ci. Noma abincin mutum ɗaya na wuni guda yana cin lita 2,000 zuwa 5,000, gwargwadon yawan naman da ke ciki. Kilo ɗaya na shinkafa yana cin wajen lita 2,500 kafin ya iso tukunya. Ga dabbobi, ga masana'antu, ga kason da dole a bar wa kogi don kifi da fadama da mutanen da ke ƙasa da kai. Ma'aunin 1,700 duk ya haɗa da waɗannan.

Tsohon Ma'aikacin Ruwa: Ku yi mani haƙuri, ni ban yarda da kalmar ƙaranci ba. A ƙiyasin 2010, duk abin da Najeriya ke ɗiba a shekara, noma da gidaje da masana'antu, bai wuce kubik mita biliyan 12 da rabi ba. Cikin 286, kashi 4 da ɗoriya cikin 100 ke nan. Mafi yawan sauran yana gangarawa teku. Ƙasar da ke amfani da kashi 4 na ruwanta ba ruwa ta rasa ba, ta rasa bututu da injin da wutar da za ta juya shi da mai kula da shi. Ku dubi Masar: kusan ba ta da ruwan kanta, kason da yarjejeniyar 1959 ta ba ta daga kogin Nilu biliyan 55.5 ne, jama'arta sun haura miliyan 100, rabon kowa wajen 500, amma famfo na zuwa a gidaje. Mu muna da ninkin nasu fiye da biyu muna bin kura.

Malamar Jogarafi: Baba, rabin maganarka na karɓa hannu bibbiyu. Ɗaya rabin kuma, ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Wanda ke gangarawa teku ta Lakwaja me zai yi wa mutumin Mashi? A bakin teku ana samun ruwan sama fiye da milimita 2,500 a shekara, damina wata takwas ko tara. Birnin Katsina da Daura wajen 600 ne, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta da farkon Satumba. Funtuwa ce ke taɓa 1,000.

Mu gwada lissafin jiha, na kan allo ne ba na hukuma ba. Faɗin jihar wajen murabba'in kilomita 24,000. Mu ɗauka matsakaicin ruwan sama milimita 750 ne, abin da ke sauka ya zama kubik mita biliyan 18. A ƙasa baki ɗaya ruwan sama biliyan 1,062 ne ke sauka, 221 ce ke zama kogi ko ruwan ƙasa, wato kashi 21. Idan muka yi wa Katsina alfarmar wannan kaso, za a samu biliyan 3.8. Raba da mutum miliyan 5.8 na ƙidayar 2006, kowa 650. Kuma alfarma ce babba, don a ƙasa mai zafi da yashi irin tamu kason ya fi haka ƙanƙanta ƙwarai. Idan kashi 10 ne, kowa 310. Jama'ar da ke ƙaruwa da kashi 3 a shekara tana ninkawa cikin shekara 23 ko 24, don haka zuwa 2030 sai a raba duk wanda ka zaɓa gida biyu.

Tsohon Ma'aikacin Ruwa: Wannan na ji. Amma ko 310 ɗin ya ninka abin da gida ke buƙata sau goma sha bakwai. Ruwan sha dai bai kamata ya gagara ba.

Malamar Jogarafi: A nan mun haɗu. Ruwan sha aikin tsari ne. Noman rani ne zai fara buga kai da bango.

Injiniya, Ƙofar Ƙaura: Bari in ƙara wani abu da ke rikita masu haɗa lissafi. FAO ta ce ruwan koguna biliyan 214 ne, na ƙarƙashin ƙasa 87. Mutum sai ya haɗa ya samu 301. Ba haka ba ne, ana cire 80, don ruwa ɗaya ne aka ƙirga sau biyu: ya nutse a damina, ya tsattsafo cikin kogi da rani. 214 da 87 a cire 80, shi ne 221. Fassararsa a aikace ita ce rijiyoyin da aka jera a bakin gulbi ba sabon ruwa suka samo ba, na gulbin suke sha ta ƙasa. Idan suka yi yawa, mai lambun da ke gaba zai ga yashin da ya saba tonawa kamu biyu ya samu ruwa ya koma sai gaba guda.

Mai Haƙar Burtsatse: Madalla da Injiniya ya kawo mu ƙarƙashin ƙasa. Jama'a na ɗauka akwai wani kogi shimfiɗe a ƙasa, duk wanda ya zurfafa zai same shi. A yawancin jihar nan, tsakiya da kudu, Dutsin-Ma da Kankiya da Malumfashi har Funtuwa, abin da ke ƙasa dutse ne tsantsa. Ruwa na zama a wuri biyu kawai: ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, mai kaurin mita 10 zuwa 30, da tsagogin da ke cikin dutsen. Idan aka wuce waɗannan ana ta niƙa dutse mai rai, ƙura ce za ta yi ta fitowa, kuɗin kowace mita na tafiya a banza. A sassan arewa ta wajen iyaka ne ake samun shimfiɗar yashi da tsakuwa mai riƙe ruwa sosai, can zurfi na biya.

Ga inda ake ɓata aiki, a jere yadda ya saba faruwa.

Ana haƙa ba tare da awon ƙasa da na'ura ba, don maƙwabci ya samu ruwa. A ƙasar dutse tazarar mita 20 ta isa ta raba mai ruwa da busasshiya.

Ana gama haƙa a jefa sumo, wato famfon da ake saukarwa cikin rijiya, ba tare da gwajin ja ba. Gwajin shi ne a auna inda ruwa yake tsaye kafin a kunna, a ja shi da ƙarfi ɗaya na aƙalla awa 6 ga rijiyar gida, awa 24 ga ta unguwa, ana auna yadda yake sauka, a kashe a ga minti nawa zai ɗauka ya dawo. Ko bokiti da agogo sun isa a san ƙarfinta: bokitin lita 20 da ya cika cikin daƙiƙa 40, rabin lita ne a daƙiƙa, lita 1,800 a awa. Rijiyoyi da yawa a ƙasar dutse iyakarsu ke nan.

Sai a sa mata sumo mai jan lita 3,000 a awa. Ruwan ya sauka har bakin famfo, ya riƙa shaƙar iska, ya yi zafi, ya ƙone. Mai gida ya ce rijiya ta ƙafe. Ba ta ƙafe ba, an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Maganinsa ƙaramin famfo, ko a rage bakin fita, a ja a hankali na tsawon lokaci zuwa tanki.

Ana ƙin zuba tsakuwa wankakkiya kewaye da bututu mai ƙofofi, yashi ya riƙa shiga yana cin famfo. Ana ƙin toshe mita 5 na sama da siminti, ruwan kwata ya bi jikin bututu ya gangara. Kuma tsakanin rijiya da masai a bar aƙalla mita 30, abin da filin ƙafa 50 ba zai taɓa bayarwa ba. Shi ya sa burtsatse ɗaya mai kyau ta unguwa ta fi ashirin na gida-gida.

Hajiya, Ƙofar Marusa: Malam, wannan ta ƙarshe ce ke damun unguwannin cikin gari. Kowane gida da tasa, kuma duk daga tukunya ɗaya suke sha. Mai zurfi da babban injin ya kunna, rijiyoyin guga na kewaye su faɗi. Ga shi an shafe tsakar gida da siminti, an cike kududdufai an yi gini, ruwan damina bai da inda zai tsaya ya nutse, sai ya bi lambatu ya fice gari cikin awa guda. Ana ƙara masu ɗiba ana rage mashiga.

Manomin Rani, Jibiya: Tunda an ce mu ne masu cinyewa, ga lissafinmu. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya kubik mita 10 ce. Tumatir na son milimita 400 zuwa 800 a zagaye guda, albasa 350 zuwa 550, alkama 450 zuwa 650. Shinkafar rani, idan aka haɗa da wanda ke tsiyaya ƙasa a fangali, takan kai 1,200 ko fiye, a ƙasa mai yashi abin ya wuce haka nesa.

Ɗauki tumatir a kan 600. Shuka na buƙatar kubik mita 6,000 a hekta. Amma da hanyar ruwa ta ƙasa da ambaliyar fangali, rabi ne ke isa saiwa, sai ka jawo 12,000. Ruwan gida ne na mutum 650 na shekara cur. Injin inci uku a aikace yana ba da kamar kubik mita 30 a awa, awa 400 ke nan, kowace awa fetur lita 1 zuwa 1 da rabi. Ashe asarar ruwa asarar mai ce, a nan manomi ke saurin ganewa.

Abin da ke rage ta ba mai tsada ba ne. A kai ruwa bakin fangali da tiyo maimakon rami buɗaɗɗe. A daidaita fangali kada wani gefe ya yi tafki wani ya bushe. A rage tsawonsa a ƙasa mai yashi. A yi ban ruwa da sassafe ko yamma. A rufe gindin shuka da ciyawa ko ƙaiƙayi. Na ɗiga-ɗiga yana kai kashi 90 ga saiwa, amma ba tare da matata ba ruwan dam mai laka zai toshe ƙofofin cikin 'yan makonni, wanda bai shirya wanke matata kullum ba kada ya sayo.

Injiniya, Ƙofar Ƙaura: Yallaɓai manomi ya faɗi gaskiya, sai dai a lura: ruwan da ya tsiyaya daga fangali ba duka ya ɓace ba, wani ya koma fadama, na ƙasa da kai ya jawo shi. Wanda ya tafi har abada shi ne wanda rana ta ɗauke. Kuma a wurare da yawa a duniya an ga manomi ya koma ɗiga-ɗiga, ya ga ruwa ya ragu masa, ya ninka gonar. A ƙarshe abin da aka ɗiba daga gulbi ya ƙaru.

Maganar rana ce ta kawo ni kan madatsu. Zoɓe da aka gama a 1983 kan kogin Karaɗuwa an gina ta ta riƙe sama da kubik mita miliyan 170, ta Jibiya kan kogin Gada miliyan 142. Ajiwa da ta daɗe tana shayar da birni ɗan sama da miliyan 20 ce. Manyan biyun a haɗe, idan sun cika maƙil, kubik mita 55 ne ga kowane mutumin jihar a ƙidayar 2006. Wannan adadin ya fi na ƙasa baki ɗaya faɗa mana inda muke, don mu matsalarmu ajiyar ruwan wata uku ce ya kai mu wata tara.

A yankinmu buɗaɗɗen ruwa na asarar wajen mita 2 a shekara ga rana da iska. Kowace hekta ta fuskar dam kubik mita 20,000. Sai laka: duk gonar da aka nome har bakin rafi, duk tudun da aka sare itacensa, ƙasarsa a gindin dam take ƙarewa, ta rage zurfi ta bar faɗi, wato ta rage ajiya ta bar asara yadda take.

Ga masu haƙa tafkin ƙauye, zurfi ya fi faɗi. Tafki biyu, kowanne na cin kubik mita 20,000. Na farko hekta ɗaya zurfin mita 2, na biyu rabin hekta zurfin mita 4. Idan rana ta ɗauke mita 1.3 daga Oktoba zuwa Afrilu, na farko ya rasa 13,000, na biyu 6,500, tun kafin saniya ta sa baki. A yi masa ƙaramin rami a mashiga inda laka za ta kwanta, a riƙa yashe shi duk rani.

Mai Haƙar Burtsatse: Akwai ajiyar da rana ba ta gani ma, kuma ta dace da rafukanmu masu yashi. Ana gina katanga a ƙetare rafi, gindinta a kan dutse ko yumɓu mai ƙarfi, yashi ya taru a bayanta. Yashi mai gwaɓi na riƙe ruwa kashi 25 zuwa 40 na girmansa, kuma abin da ya wuce zurfin mita ɗaya kusan ba ya ƙafewa. A Kenya an yi su da yawa. Inda ake kuskure: a gina katangar gaba ɗaya a shekara guda, sai laka ta cika bayanta maimakon yashi, laka kuwa ba ta sakin ruwa. Ana ɗaga ta ne kaɗan-kaɗan, damina bayan damina, ambaliya ta wuce da laka ta bar mai nauyi. Idan kuma gindin bai zauna kan dutse ba, ruwan zai bi ta ƙasa ya tafi. Masu tifa da ke kwashe yashin rafi kuwa, tankin ƙauye suke lodawa a mota.

Ɗan Daura: To maƙwabtanmu fa? Daga nan Kongolam taki kaɗan ne, kuma sun fi mu fari.

Malamar Jogarafi: Nijar madubi ce mai kyau. Ruwan da ke samuwa a cikin ƙasarta biliyan 3.5 ne kacal. A 1960 da suke miliyan 3 da rabi, kowa na da wajen 1,000. Yanzu da suka haura miliyan 25, bai kai 150 ba. Amma idan aka haɗa da wanda ke shigo masu ya zama biliyan 34, kashi 90 daga waje, sai rabon ya yi kama da namu a takarda. Kogin Neja kuwa kusurwar yamma kawai ya ratsa, ta Tilaberi da Yamai da Gaya. Mutumin Maraɗi ko Damagaram bai da rabo a ciki, kamar yadda na Daura bai da rabo a na Lakwaja. Kuma ruwan aro ba abin jingina ba ne: a Yunin 1985, bayan farin 1984, kogin ya tsaya cik a Yamai.

A nan kusa kuma mu ne a sama. Gada daga wajenmu take tasowa, ta shiga Nijar ta zama gulbin Maraɗi, ta sake dawowa Najeriya ta faɗa Rima. Abin da aka tare a Jibiya ana jin sa a can. Shi ya sa yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin ƙasashen biyu ta ambaci Gada da Tagwai cikin ruwayen da ake tarayya a kansu.

Tsohon Ma'aikacin Ruwa: Akwai abin da duk lissafin nan ya bari a waje, kuma shi ne ke ciyar da mu. Malama ta ce kashi 21 na ruwan sama ne ke shiga ƙirga. Sauran 79 fa? Damshin ƙasa ne da gero da dawa da wake da ciyawar kiwo ke sha, da wanda rana ke ɗauka. Buhun geron da aka noma a jigawa bai taɓa ko lita ɗaya daga 221 ɗin nan ba. Don haka duk dabarar da ta sa damina ta zauna a gona ta fi sabon dam araha. Tassa irin ta mutanen Tawa: rami faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, tazarar kamar 80, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki cikin hannu biyu tun da rani. A faƙo take aiki, inda ruwa ke gudu bai shiga. A yashi mai laushi ramin cikewa yake yi, a fadama kuma shukar ta ruɓe.

Hajiya, Ƙofar Marusa: Ruwan saman da ke sauka kan kwano ma ba a ƙirga shi. Rufi mai murabba'in mita 100, ruwan sama milimita 600, a cire kashi 20 na fantsama da yoyo, ya ba da lita 48,000, jarka 1,920. Gidan mutum takwas mai amfani da lita 20 kowanne a kullum zai yi kwana 300 da shi. Matsalar wurin zubawa ce, don duk a wata uku yake zuwa. Tankin lita 5,000 zai cika da ruwa biyu masu ƙarfi, sauran ya zube. Amfaninsa na zahiri shi ne a huta da sayen ruwa duk damina, a shiga kaka da tanki cike. Ruwan farko na shekara a bar shi ya wanke kwano gaba ɗaya, sannan kowane zubi a karkatar da bokiti uku ko huɗu na farko. A sa raga a bakin indararo, a rufe tanki ruf saboda sauro da gansakuka, na sha kuma a tafasa ko a sa masa maganin tsarkake ruwa.

Ga wata asarar da kowa ke gani yana wucewa: tankin sama na ambaliya an manta ba a kashe ba. Minti 20 na sumo lita 1,000 ce, jarka 40. Ƙaramin makunni mai yawo a kan ruwa ne ke kashe injin idan tanki ya cika, kuɗinsa bai kai na gyaran famfo sau ɗaya ba.

Ɗan Daura: Mu da muka gaji labarin Kusugu, rijiyar da sai Juma'a ake ɗiba, ashe rabon ruwa tsohon zance ne. Tambayata: ta yaya unguwa za ta san ko tana cin riba ne ko uwar kuɗi, ba sai an jira ƙidaya ba?

Injiniya, Ƙofar Ƙaura: Da igiya da littafi. A zaɓi rijiyar guga uku ko huɗu da ba a cika ja ba. A yi alama a bakin kowace, daga nan za a riƙa awo duk lokacin da aka zo yi. A ɗaura ƙaramin ƙarfe a igiya, a saukar har a ji ya taɓa ruwa, a auna da tef. Da asuba ake yi kafin a fara ɗiba, sau ɗaya a wata. Awo biyu ne suka fi muhimmanci, na ƙarshen Mayu da na farkon Oktoba.

Bambancinsu shi ne abin da damina ta zuba. Ana ninka shi da kason ruwan da ƙasar ke iya saki. A ruɓaɓɓen dutse kason ƙarami ne, kamar kashi 2 cikin 100, a yashin fadama yakan kai 15. Ruwa ya hau mita 2 a ƙasar dutse, milimita 40 ke nan, kubik mita 400 a hekta. A lita 50 kullum, ya ishi mutum 22. Unguwar da ke da mutum 150 a hekta ta san ruwanta daga wani wuri yake gangarowa, ko kuwa tana cin ajiya. Idan awon Mayu na ƙara zurfi shekara uku a jere alhali damina ta yi kyau, ɗiba ta wuce zubi.

Manomin Rani, Jibiya: A fadama alamar ma ta fi saurin fitowa. Injin fetur da ke zaune a sama ba ya iya tsotso ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, komai ƙarfinsa. Da ka ga manoma sun fara haƙa rami suna saukar da injin ciki don ya kusanci ruwa, an gama magana.

Mai Haƙar Burtsatse: Sola ce za ta hanzarta wannan. Da, tsadar mai ce ke sa mutum ya kashe injin. Yanzu rana ta fito famfo ya tashi, ba mai jin zafin aljihu. Duk wanda zai sa ta, ya sa mitar ƙirga ruwa a bakin bututu ya riƙa rubuta karatunta duk wata, ya sa na'urar da ke kashe famfo idan ruwa ya sauka kusa da shi, ya zaunar da famfon aƙalla mita 3 ƙasa da inda ruwa ya tsaya a gwajin ja. Gwajin kuma a watan Afrilu ko Mayu ake yinsa. Na Satumba ƙarya yake faɗi, ko busasshiyar rijiya tana cika baki a lokacin.

Hajiya, Ƙofar Marusa: Injiniya, a turo mana samfurin shafin littafin awon nan, mu raba wa masu unguwanni kafin Mayu ta ƙare.

Injiniya, Ƙofar Ƙaura: Layi biyar ne, Hajiya: kwanan wata, lambar rijiya, zurfi daga alama zuwa ruwa da santimita, ko an yi ruwan sama a makon, da awa nawa tun ɗiban ƙarshe. Igiyar kada ta zama ta roba mai miƙewa, za ta ƙara maku santimita goma a rijiya mai zurfi.